Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Ministan Lafiya Kan Dattawa Masu Ciwon Daji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wata goma sha ɗaya na yi ina jinyar mahaifina da ciwon dajin hanji, kuma abin da idona ya gani ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da za a fara masa kimo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin daji, likita ya duba hoto, ya duba sakamakon jini, ya tambayi shekarunsa. Muka ce 76. Shi ke nan. Ba wanda ya tambaya ko Baba na iya zagayawa shi kaɗai, ko ya taɓa faɗuwa, ko abinci na shiga. Ledar magungunansa na hannuna, na hawan jini, na suga, na barci, kala bakwai, ba wanda ya ce in kwance ta. Bayan zagaye na biyu gudawa ta sako shi a gaba, ƙafa ta daina ɗaukarsa, wata rana cikin dare ya zame a bakin gado. A ɗakin nan kuma akwai wani dattijo, sa'ansa, garau da shi, da ƙafarsa yake hawa bene, amma aka ce wa 'ya'yansa ya tsufa da wannan magani. Shekaru ne suka yanke wa su biyun hukunci.

Ban ga laifin likitan ba, don na ga layin da ke ƙofarsa. Tsari ne babu, alhali kuwa an riga an samar da shi. A Faransa aka fito da wani ɗan gwaji mai suna G8: tambayoyi takwas kan cin abinci, ramewa, tafiya, mantuwa ko damuwa, yawan magungunan da mutum ke sha da yadda yake jin jikinsa. Maki 17 ne. Wanda ya samu 14 ko ƙasa da haka, sai a zauna a bincike shi ciki da waje. Nas na iya yinsa cikin 'yan mintuna, da takarda da biro da sikeli.

Kuma wannan bincike na ciki da waje yana da amfani. A 2021 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan majinyata 718 masu shekara 70 zuwa sama. Inda aka miƙa wa likitoci cikakken bayanin halin dattijon tun kafin magani, kashi 51 cikin 100 ne maganin ya yi wa mummunar illa. Inda ba a miƙa ba, kashi 71. Faɗuwa ma ta ragu, tsawon rai kuwa bai ragu ba, duk da cewa da yawa an sassauta musu maganin tun farko.

Sai mu masu jinya. Mu ke ƙirga ƙwayoyi, mu ke juya majinyaci, mu ke kwana a zaune. Sau da yawa ma mai jinyar tsohuwa ce, matar majinyacin, da nata ciwon gwiwar da nata hawan jinin. Ni sai a wata na uku na san cewa zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga mai shan kimo ba abin jira gari ya waye ba ne, kuma a bakin wata mai jinya na ji.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka ba da umarni a sa G8 cikin katin duk mai ciwon daji da ya kai 65, a koya wa ma'aikatan jinya yinsa, a kuma samu masanin magunguna ya riƙa kwance ledar nan. A rubuta sunan mai jinya a katin, a zaunar da shi a faɗa masa alamun haɗari, a tambaye shi ko akwai mai karɓarsa ya huta. A ba shi lambar wayar da za a ɗauka ko da ƙarfe biyun dare ne.

Wassalam.

Daga wata mai jinyar mahaifinta.