Ina Masu Barin Giya Ke Haɗuwa a Zango?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ƙanina ne ya sa na rubuto, shekara bakwai yana fama da giyar akpeteshie, da asuba hannunsa rawa yake har ba ya iya riƙe kofin koko sai ya kurɓa tukuna. Mu a Nima dai kun san yadda take, a yi ta rufa asiri ana cewa jinya yake, an yi rubutu an yi faɗa an yi kuka, mahaifiyarmu har ta rame.

Da ya ce zai bari, likita ya gargaɗe mu kar ya yanke lokaci guda a gida, wanda jikinsa ya saba zai iya faɗuwa da jijjiga ko ya fara gane-gane, sai da kulawar asibiti. Asibitocin Korle Bu da Pantang duk suna duba masu wannan matsala. To amma bayan an sallame shi fa, wa zai zauna da shi da yamma lokacin da abokan nan ke kiransa a waya?

Wata nas ce ta faɗa mana AA, ƙungiyar da aka fara a Amurka a 1935, masu fama da giya su ke taruwa su saurari juna, ba kuɗin rajista, ba a fitar da sunan kowa. Yanzu trotro biyu yake hawa ya je, kuma da Turanci ake yi, rabin maganar na wuce shi.

Don Allah limamanmu da sarakunan Zango a ba mu ɗaki ɗaya a makaranta, ko sau ɗaya a sati, a yi zaman nan da Hausa. Ni zan kawo benci da ruwa.

Yayarsa,
Nima, Accra