Wasiƙa daga Utrecht zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe min da Baba da Inna da kyau. Ina nan ƙalau, sai dai sanyi ya fara shigowa.

Saƙon Inna ya iso, wai tun da ta ga hotona a kan keke hankalinta bai kwanta ba. Kai kuma ka ƙara da tsokana, wai mutum ya tsallaka har Turai ya ƙare a keke. To, a Holand ba rashi ne ke sa hawan keke ba. Likita da malamin jami'a da mai shara duk shi suke hawa zuwa aiki, kekunan ƙasar ma sun fi mutanenta yawa. A tashar jirgin ƙasa ta nan Utrecht akwai wurin ajiye keke mai ɗaukar 12,500.

Ka gaya wa Inna ba na haɗa hanya da tirela. A manyan tituna hanyar keke daban take, da jar kwalta, an raba ta da ta mota da ɗan dakali, har fitilar ba da hannu tata daban. Masu tafiya a ƙasa su ma da tasu. Idan kuma mota ta buge mai keke, doka ta fi ɗora wa mai motar nauyin biyan diyya, balle in yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14.

Da na zo, na ɗauka haka suka tashi suka tarar da garinsu. Ashe ba haka ba ne. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar nan, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fusata, suka riƙa tare tituna suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, har gwamnati ta hana fita da mota a wasu ranakun Lahadi. Daga nan aka fara sauya fasalin titin kansa: a ƙuntata shi a cikin unguwa, a sa tudu, yadda direba ko yana so ba zai iya gudu ba. Har yanzu ba su gama ba, don a Disambar 2023 Amsterdam ta mayar da yawancin titunanta kilomita 30 a awa. Ba wai babu matsala ba, samari masu kekunan lantarki masu ƙaton taya suna tayar wa tsofaffi hankali, ɓarayin keke kuwa ba a magana.

Ni titin ƙofar gidanmu ne ya fi damuna. Tun da aka zuba masa kwalta, masu a-daidaita-sahu suke sheƙa gudu, ga yara suna tsallakawa zuwa Islamiyya da yamma, masu tebur kuma sun cinye gefen da ake bi. Don Allah ku haɗu da maƙwabta ku je wajen mai unguwa da kansila, a nemi tudun rage gudu ko da biyu ne, ɗaya a gaban masallaci, ɗaya a gaban makarantar. Idan ana bukatar gudummawa, a sa sunana.

A cikin kuɗin da na turo, ka cire na gyaran birkin keken Auta, a sa masa fitila gaba da baya. Kada ya ƙara fita bayan magariba sai an gyara.

Naka,
Ƙaninka