Amsa ga Malam: Abin da Ya Kai Mu Wurin Marayun Michika da Madagali

Ranka ya daɗe Malam, ina gaisuwa tare da fatan iyali da almajirai suna lafiya.

A shirin rediyon da muka zauna tare ka jefo mini tambaya, lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ka ce me ya sa mu ma'aikatan ikilisiya muka fi maida hankali kan yara a garuruwan da Boko Haram ta ɗaiɗaita, anya ba addinin maraya muke saye da kwanon abinci ba? Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Ban ɗauki tambayarka a matsayin tsokana ba, domin zargin yana da asali. A farkon mulkin Turawa an danƙa wa mishan yaran da aka 'yanto daga bauta, da yawansu kuma suka tashi cikin addinin waɗanda suka rene su, ba tare da an tambayi kowa nasu ba. Daga baya, da mishan ta karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina, an yi ta zullumin makomar yaran da ke wurin. Dattijon da ya ji wannan daga bakin kakansa yana da hujjar zura mana ido.

Amma ka tuna yadda muka tsinci kanmu a wannan aiki. Ba baƙi ba ne da suka zo daga wata ƙasa suka tarar da yara cikin kango. Tun 1923 mishan ta sauka a Garkida, daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo tushe. A 2014 Madagali ta faɗa hannun Boko Haram, Michika ta bi, a ƙarshen Oktoba aka shiga Mubi, aka mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Tare da maƙwabtanmu Musulmi muka gudu ta kan duwatsu zuwa Kamaru da Yola, tare muka dawo muka iske makarantu a ƙone. Yaran da kake magana a kai akwai 'ya'yan fasto a cikinsu, akwai 'ya'yan liman, akwai kuma waɗanda aka haifa a daji, waɗanda har yau wasu ke nuna su da baki suna kiransu 'ya'yan Boko Haram. Waɗannan na ƙarshe su suka fi hana ni barci, domin babu gidan da ke rububinsu, ko na Kirista ko na Musulmi.

Ba zan ɓoye maka ba, bangaskiyata ce ta kai ni. Littafi Mai Tsarki ya koya mana cewa sahihin addini shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Idan babban mutum ya tambaye ni game da Yesu Almasihu, zan gaya masa da farin ciki. Yaro ɗan shekara takwas da ya kwana da yunwa kuwa, ko me mai riƙe da ludayi ya ce masa zai ce to. Wannan "to" ɗin ba tuba ba ce. Duk wanda ya karɓe ta ya kai rahoto ga masu ba shi kuɗi cewa ya tubar da yaro, ya ci amanar yaron, ya kuma zubar da mutuncin bishara. Akwai masu yin haka, masu ɗaukar hoton yara cikin tsumma su aika ƙasashen waje, masu kwashe su zuwa gidan marayu a wata jiha su canza musu suna. Ba na kare su, kuma ina roƙon shugabannin ikilisiya su daina rufa musu asiri.

A ajin da nake koyarwa, ba ma karɓar yaro sai da sanin kawu ko gwaggo ko kaka, da shaidar mai unguwa. Yaro yana kwana a gidan danginsa, mu tallafa wa gidan. Makarantar Lahadi ta 'ya'yan Kirista ce. Ɗan Musulmi da yamma islamiyya yake tafiya, idan ya yi fashi mu kan tambayi dalili. Yawancin lokacinmu ma yana tafiya ne kan abin da ba ya shiga hoto: yaron da ke shigewa ƙarƙashin benci idan salansar babur ta yi ƙara, budurwa 'yar sha huɗu da ke koyon baƙaƙe tare da ƙannenta tana jin kunya.

Ba mu muka fara wannan ba. Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar Cocin St. Theresa a Yola ga 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba. A 2021 ya miƙa musu gidaje 86 a Sangere-Marghi ta ƙaramar hukumar Girei, da makaranta da coci da masallaci, ya sha suka daga wasu 'yan'uwanmu saboda masallacin. A Maiduguri kuma Barista Zannah Mustapha ya tara marayun ɓangarorin biyu na rikicin a makaranta ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 2017. Daga su biyun nake koyo.

Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, Malam, don haka ga roƙona. Ka zaɓi mutum biyu da ka yarda da su, ɗaya ta kasance mace, su riƙa zuwa ajinmu ba tare da sanarwa ba. Su duba rajista, su keɓe da yara su tambaye su, su je gidajen dangin. Abin da suka gani su faɗe shi a wannan rediyon. Sannan muna neman malamin da zai riƙa karantar da yaran Musulmi da ke ƙauyukan da islamiyyarsu ba ta sake buɗewa ba, kai ne ka san wanda ya dace.

'Yarka,
malamar makaranta daga arewacin Adamawa