Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan yara masu harara-garke

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya taya ka riƙo. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido, kuma maganar yara masu harara-garke ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na gaji da ce wa iyaye sai dai haƙuri.

A 2023 Shugaban Ƙasa ya amince da rabon tabarau miliyan 5 ƙarƙashin shirin Jigi Bola, kuma ma'aikatarka ce ke riƙe da shi. Alheri ne, ban raina ba. Tela ya koma zura zare a allura, dattijo ya koma karatun Alƙur'aninsa ba tare da ya miƙa hannu can nesa ba. Amma galibinsa tabarau ne na karatu, na waɗanda suka haura shekara 40. Yaro ɗan shekara 3 da idonsa ɗaya ya karkace ba ya cikin wannan lissafi. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin ƙasa tsakanin 2005 da 2007 shi ma kan masu shekara 40 zuwa sama ya fi mayar da hankali. A duniya ana ƙiyasta kusan yara 2 cikin 100 suna da wannan matsala. Namu fa? Abin da ke hannu sai ɗan binciken makarantu nan da can.

Kai likita ne, ka san abin da ke faruwa a kan yaron nan, amma bari in faɗa saboda iyayen da za su karanta. Kowane ido tsoka 6 ke juya shi. Idan suka saɓa, ido ɗaya ya kalli gaba ɗayan ya kalli gefe, ƙwaƙwalwa tana karɓar hoto biyu. Babba zai riƙa ganin abu bibbiyu. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa sai ta daina sauraron karkataccen idon, a hankali ganinsa ya dushe alhali ƙwayar idon lafiyarta ƙalau. Wannan ne David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna a gwajinsu da 'ya'yan kyanwa, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1981. Kafin shekara 7 magani yana ci sosai: wani tabarau kawai zai miƙe masa ido, wani a riƙa rufe mai lafiyar na wasu awoyi a rana don a tilasta wa mai raunin yin aiki, wani sai tiyata. Bayan nan abin yana ƙara wuya kowace shekara.

Su wa ake kawo mana? Budurwa ce da aka sa wa rana, dangin miji sun fara tsegumi, sai uwa ta riƙo hannunta ta zo a gyara. Tana zaune ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta saba tun tana firamare inda ake kiranta da sunan da ba nata ba. In sa tafin hannu in rufe idon mai kyau, in nuna mata babban harafin da ke can saman allo, ta yi shiru. Likita zai iya miƙe idon, ta yi kyau a hoton biki. Ganin kuwa ya tafi tun tana goye. Idan ka tambayi uwar me ya hana ta zuwa da wuri, amsar ɗaya ce: an ce haka Allah ya halicce ta, ko an ce gado ne, ko an ce za ta daina in ta girma. Wani lokaci ma a asibitin unguwa aka faɗa mata hakan.

Ranka ya daɗe, ga ainihin kukana. Muna da likitocin ido masu basira da hannun tiyata, amma ƙasar nan ba ta taɓa ɗaukar ɗaya daga cikinsu ta ce masa wannan ciwo shi ne aikinka har ka yi ritaya, ga lokaci, ga kuɗi, je ka gano mana shi ba.

Dubi Alan Scott, likitan ido na San Faransisko a Amurka. A cibiyar binciken ido ta Smith-Kettlewell ya zauna da tambaya guda: za a iya sassauta tsokar da ke jan ido ba tare da an yanka ba? Ya gwada magunguna iri-iri a kan birai, har ya tsaya kan dafin botulinum, wanda aka sani da kashe mutane ta gurɓataccen abincin gwangwani. A 1973 ya wallafa sakamakon biran. A 1977 ya fara yi wa ɗan Adam allurar, ɗan mitsitsin dafi cikin tsokar ido, da allura mai waya da aka haɗa da na'ura don ya ji ƙarar motsin tsokar ya tabbatar ya shiga inda ya dace. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince ba sai a Disambar 1989. Shekara 16 ke nan daga takardar farko zuwa izini, kuma duk tsawon lokacin ba a ce masa ya tattara kayansa tunda bai kawo riba ba. A 1991 kamfanin Allergan ya sayi maganin, shi ne Botox da duniya ta sani yau, ko da yake masu gyaran fuska sun fi kowa tallata shi. Shi kuwa bai bar ido ba. Har ya haura shekara 80 yana gwada wata allurar kashe zafi, bupivacaine, don ƙarfafa tsokar da ta yi rauni. Ya rasu a 2021 yana da shekara 89.

Ba Botox nake roƙo a sayo mana ba, tiyata da tabarau da rufe ido su ne jigon maganin har gobe. Abin da nake so ka gani shi ne mutum ɗaya, ciwo ɗaya, fiye da shekara 50, da cibiyar da ta tsaya masa.

Namu likitan da ya je ya ƙware kan idon yara, in ya dawo me yake tararwa? Layin masu yanar ido tun asuba, masu hawan jinin ido, wanda ƙusa ta soka a wurin aiki, ga ɗalibai, ga kiran dare. Ranar da aka ware wa yara a ɗakin tiyata sai a ɗage, don yaro dole a sa shi barci gaba ɗaya kuma mai sa barcin yana can wurin haihuwa. Bayanan marasa lafiya suna cikin fayil ɗin takarda da ke ɓacewa. Yaron da aka yi wa aiki bana, ba mai kuɗin motar da zai bibiye shi baɗi a ga ko idon ya koma. Da me zai yi bincike? In ya rubuta takarda, don ƙarin girma ne, da kuɗin aljihunsa. Daga nan sai ka ji ya tafi Saudiyya ko Ingila. Da bakinka ka faɗa cewa likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya, kuma a 2024 gwamnati ta amince da manufar da aka ce za ta riƙe ma'aikatan lafiya a gida. Albashi yana ciki, gaskiya ne. Amma akwai wanda abin da zai zaunar da shi shi ne a bar shi ya bi tambayar da ke cin ransa.

Tambayoyin kuwa namu ne, ba wanda zai amsa mana daga waje. Wane irin karkacewa ya fi yawa a yaranmu, ciki ko waje? Nawa ne ke biyo bayan sanƙarau, ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko wahalar haihuwa? Filastar rufe ido da ake yi a ƙasashen sanyi, ta yaya za ta zauna a fuskar yaro a zafin watan Afrilu a Sakkwato, kuma wa zai saya kullum? Ko ɗigon atropine, da ake ɗiga wa ido mai lafiya ganinsa ya dushe na ɗan lokaci a madadin rufe shi, ya fi dacewa da uwar da ke da 'ya'ya da yawa da sana'a a hannu?

Don Allah, Farfesa, ka dubi wannan da idon rahama. Wani karkacewar ba ta tsoka ba ce, alama ce ta sankarar ido a jariri, wadda in an makara ba gani kaɗai take ɗauka ba, har rai. Kai ne ka riƙe hukumar lafiya a matakin farko daga 2008, ka shiga fadar sarakuna ka zauna da su har rigakafin shan inna ya shiga gidajen da a da ake rufe masa ƙofa. Hanyar tana nan. Ma'aikaciyar da ke ɗiga wa jariri rigakafi tana iya haska masa tocila a fuska ta duba ko hasken ya faɗa tsakiyar idanu biyu daidai. Minti ɗaya ne. Cikin ma'aikata 120,000 da ka yi alkawarin sake horarwa, a koya musu wannan, a kuma koya musu cewa jaririn da ya wuce wata 4 idonsa na karkace turawa ake yi, ba a cewa zai daina.

Akwai batun inshorar lafiya da tabaran yara, da ƙarancin masu auna karkacewar ido, da kashi 15 cikin 100 na kasafi da aka yi alkawarin ware wa lafiya a Abuja tun 2001. Waɗannan ka fi ni sani.

Roƙona guda ne. Dokar 1979 da ta kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ta ɗora mata bincike da horarwa tare da jinya. A buɗe kujerar bincike kan harara-garke da dushewar ganin yara a can, a ba likita ɗaya mai shauƙin abin, a rage masa layin asibiti zuwa rabi, a ba shi ranar tiyata da mai sa barci na kansa, da rajistar da za ta haɗa asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. A sa kuɗinta cikin kasafin shekara mai zuwa da layinta daban, na aƙalla shekara 10, yadda canjin minista ba zai kashe ta ba.

Wassalam.

Taka,
Ma'aikaciyar jinya a sashen ido