Wasiƙa Daga Trondheim, Maris 2025

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya ibada? Ya zafin Kano? An ce mini bana azumi ya zo muku da rana sosai. Allah ya ba da lada, ya sa muna cikin 'yantattun bayinsa a wannan goma ta ƙarshe, ya kai mu salla lafiya. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata ɗanta na Norway yana neman addu'a. Mu nan alhamdu lillahi, azumin Maris bai da tsawo, dare da rana sun kusa yin daidai, sanyi kuma ba ya barin mutum ya ji ƙishirwa.

Saƙonka ya iso. Ka ce hoton da na turo maka na mutumin da ke shawagi a sama da dogayen katakai a ƙafa ya ɗaure maka kai, har kana tambaya wannan wane irin ganganci ne, kuma me ya haɗa ni da Baturen da ya yi ritaya har nake jimami. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na ɗauki alƙalami.

Wasan nan mutanen nan suna ce masa kombinert, wasa biyu ne aka ɗora wa mutum ɗaya a yini ɗaya. Da farko zai hau can ƙololuwar wani tudu da aka gina, ya zauna a kan wani ƙarfe, a ba shi alama, ya sulalo a tsugune yana gudun da ya kai kilomita 90 a awa, ya yi tsalle daga bakin tudun. A sama yakan ware bakin allunan zamiyarsa, ya kwanta a kan iska, hannuwa a gefe. A babban tudu gwanaye kan wuce mita 130 kafin su dira. Ana auna nisa, alƙalai biyar kuma su ba da maki a kan kyawun tashi da saukar, a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a ɗauki ukun tsakiya. Har iska ana lissafa ta: wanda ta taimaka masa a rage masa, wanda ta cuta a ƙara masa. Bayan 'yan awoyi sai ya cire waɗancan faffaɗan alluna, ya ɗaura sirara, ya ɗauki sanduna biyu, ya shiga tseren kilomita 10 a kan dusar ƙanƙara, hawa da gangara.

To ga inda wahalar take. Tsalle yana son mutum mara nauyi, mai ƙarfin cinya na lokaci guda, mai natsuwa. Tsere kuma yana son faɗin ƙirji, ƙarfin kafaɗa da juriya. Duk tsokar da ka tara domin tsere nauyi ce a sama, duk ramar da ka yi domin tsalle rashin ƙarfi ce a ƙasa. Kamar a ce da safe ka zama shaho, da la'asar ka zama dokin sukuwa. Shi ya sa nake ganin babu ɗan wasan hunturu da ake nema wa abu mai wuya kamar waɗannan.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda ake haɗa lissafin. Wani ɗan Norway mai suna Gunder Gundersen ne ya tsara shi, aka fara aiki da shi a shekarun 1980. Makin tsalle ake mayarwa daƙiƙoƙi: maki ɗaya daƙiƙa huɗu, maki 15 minti ɗaya. In ka fi ni da maki goma a tudu, za a sake ka, ni kuma in tsaya ina kallon bayanka har daƙiƙa 40 su cika. Daga nan babu sauran alƙali. Wanda ya fara tsallake layi shi ya ci. Kafin wannan tsari sai an gama komai a koma ana tara lambobi kafin jama'a su san gwani. Yanzu ko yaro ya san abin da yake kallo: ga wanda ake bi, ga masu binsa.

Kakar gasar kofin duniya takan fara a ƙarshen Nuwamba a Ruka, can arewacin Finland inda rana ba ta daɗewa, ta bi ta Lillehammer a nan Norway, Ramsau da Seefeld a Ostiriya, Schonach a Jamus, Otepää a Istoniya, Holmenkollen a Oslo, bana kuma aka rufe a Lahti. Wanda ya ci tsere yana samun maki 100, wanda ke kan gaba a jimla yana sa riga ruwan ɗorawa, a ƙarshe a ba shi kofin ƙarau mai siffar duniya. Tun kakar 1983/84 ake yin haka.

Mutumin da ke cikin hoton shi ne Jarl Magnus Riiber. Sau biyar ya ɗauki wannan kofi: huɗu a jere daga 2019 zuwa 2022, sannan 2024. Kafin zuwansa ɗan Finland Hannu Manninen ne ke riƙe da tarihin yawan nasara da 48. Riiber ya tsaya a 78. Yadda yake cin gasa ma daban ne. A tudu yake gama da mutane, ya tafi tseren shi kaɗai, sauran su haɗu gungu suna karɓa-karɓar jan gaba ko za su cim masa, sau da yawa kuma ba sa cim masa. A ƙarshen Janairun bana ya fito ya ce wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Likitoci sun gano yana da cutar Crohn, wani kumburin hanji ne da ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani. Shekarunsa 27 kacal.

Sai ga gasar zakarun duniya ta wasannin zamiya, wadda daban take da kofin kaka, ta zo mana har gida, daga 26 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris, a filin Granåsen da ke bayan garin nan. Yanayi bai yi mana kara ba, ruwa da iska suka yi ta yi, dusar ta jiƙe, hanyoyin cikin daji suka zama taɓo. Duk da haka mutane suka cika wurin maƙil, tsofaffi da jarirai a goye, tutoci a hannu, ƙararrawar shanu tana ta kaɗawa, wasu sun hura wuta a gindin itatuwa suna gashi, ƙamshi yana dukan mai azumi. Yawancinsu Johannes Klæbo suka zo gani, ɗan garin nan, wanda ya shiga tsere shida ya cinye zinare shida. Ni kuwa gindin tudu na nufa.

Aminina, akwai abin da talabijin ba ya kawowa, shi ne sauti. Idan mai tsalle ya taso, filin yakan yi tsit na ɗan lokaci, sai ka ji iska tana kaɗa rigarsa, fuuu, yana wucewa ta saman kai, sannan allunan su daki ƙasa, fat! Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a buɗe. Sai ihu ya ɓarke. Da lokacin tsere ya yi na koma wani hawa mai tsayi inda ake iya ganinsu dab da dab. A nan na ga fuskokinsu: baki a wangale, yawu yana zuba ba mai lokacin gogewa, masu horarwa suna gudu a gefe cikin taɓo suna faɗa musu tazarar da ta rage. Mutumin da ɗazu ya wuce a sama kamar ba nauyi a jikinsa, ga shi yanzu yana turo kansa da sanduna yana nishi. Da sun tsallake layi sai su zube a kan dusar, ƙirji yana sama yana ƙasa.

Ranar Asabar 8 ga Maris Riiber ya ci zinaren babban tudu da tazara mai faɗi, Jørgen Graabak na biyu, Vinzenz Geiger na Jamus na uku. Kafin nan ya ci na ƙaramin tudu, ya kuma ci na ƙungiyar maza da mata. Na ƙungiyar maza zalla ne ya kuɓuce wa Norway, Jamus ta ɗauka. Zinare uku a gida, jimla 11 a rayuwarsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Kofin kaka yana gabansa, na shida, wanda da ya ɗauka ya wuce Eric Frenzel na Jamus da suke kunnen doki a biyar-biyar. Sai ya ce a Holmenkollen zai tsaya, a garinsu Oslo, gaban danginsa, ba zai je Lahti ba. Haka kuwa aka yi, kofin ya tafi hannun Geiger. An yi ta muhawara a wurin aikinmu. Wasu suka ce wauta ce, mako ɗaya ne fa ya rage, ya daure mana. Ni ban ga wauta ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana auna abin da zai ci, yana guje wa taro don tsoron mura, yana barin ƙananan 'ya'yansa watanni, ga ciwo a ciki, shi ya san abin da mako ɗaya yake ci masa. Mu 'yan kallo lamba muke so ta cika, shi kuwa jikinsa ne. Na girmama shi a ranar da ya ajiye fiye da ranakun da ya ci. Kuma kada a rage wa Geiger komai, shi ne ya tsaya masa a wuya duk kakar, ga saurin ƙarshe da ba kowa ke iya tare shi ba.

Ka san kuma duk wannan ɗaukaka Riiber bai taɓa cin zinaren Olamfik ba. A Beijing a 2022 korona ta kama shi da isarsa, aka killace shi kusan mako biyu, ya fito ana gobe gasar babban tudu. Ya fi kowa tsalle, ya fara tsere da tazarar daƙiƙa 44, sai ya bi hanyar da ba ita ba a cikin filin, dole ya juyo. Ya ƙare na takwas, Graabak ya ɗauki zinaren. Lokacin da ya ajiye, wasannin Olamfik na Italiya na 2026 saura ƙasa da shekara, da wani ne sai ya ce bari in jira in rama. Bai jira ba.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wasan nan, ba zan ɓoye maka ba. Yana cikin Olamfik na hunturu tun na farko a Chamonix a 1924, amma har yau shi kaɗai ne ba a barin mata su shiga. Matan nan kuwa suna nan, suna yi. An buɗe musu gasar kofin duniya a Ramsau a Disambar 2020, Tara Geraghty-Moats ta Amurka ta ci ta farko. Gyda Westvold Hansen ta nan ta riƙe kofin kaka biyu, Ida Marie Hagen ta karɓa, bana kuma Nathalie Armbruster ta Jamus ta ɗauka tana da shekara 19. A nan Trondheim Yuna Kasai ta Japan ta ci zinare ɗaya, Gyda ta ci ɗaya. Tudu ɗaya suke hawa da maza, iska ɗaya ke ɗaukarsu, in sun faɗi ƙashi ɗaya ne ke karyewa. Amma a Yunin 2022 kwamitin Olamfik ya ce ba za su je Italiya ba, ya rage adadin maza daga 55 zuwa 36, ya kuma ce sai ya duba ko wasan gaba ɗaya zai ci gaba a 2030. Hujjarsa ita ce masu kallo ba su da yawa, kuma ƙasashe huɗu ne ke kwashe lambobin: Norway, Jamus, Ostiriya da Japan.

Maganar ƙasashe huɗu gaskiya ce, ban musa ba. Gina tudun tsalle kuɗi ne mai yawa, ƙasa kaɗan ke da shi. Amma hujjar da aka kafa wa matan ba ta shiga kaina. Ƙasashe da yawa ba sa zuba kuɗi a wasa sai yana cikin Olamfik. Ka hana yarinya shiga, gwamnatinta ta hana ta tallafi, sannan ka dawo ka ce ba su da yawa? Ta ina za su yi yawa? Na ga hotunansu a Lillehammer a ƙarshen 2022, sun gicciya sandunansu sama kafin a tashi tsere, Gyda har gemu ta zana a fuska, tana nuna abin da aka ce ta rasa ke nan. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Ka tuna yadda ƙanwarka ta yi ta fama kafin a bar ta ta ci gaba da karatu, kai ne ka tsaya mata. Nathalie da Gyda da Ida za su kalli wasannin Italiya daga gida ne, alhali a duniya babu wanda ya fi su iya abin da suke yi.

In ka samu intanet mai ƙarfi, ka nemi tseren babban tudu na Trondheim ka kalla tun daga tsalle, kada ka tsallake zuwa ƙarshe. Ka lura da agogon da ke gefe lokacin da ake sakin su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka rubuto ka gaya mini gaskiya, kai da kake ganin ƙwallon ƙafa ce kaɗai wasa, ko da kai ne Riiber za ka je Lahti.

Wassalam,
Naka amini, daga Trondheim.