Ƙwarya da zunguru sun fitar mana da Mega Man a Tawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ni mai gyaran jikin mota ne a nan Tawa, cikin masu bubbuga ƙarfen da ya lotsa, a shafe shi da mastik, a yi masa fenti. Abin da ya sa na ɗauki bik shi ne wasiƙar da wani bawan Allah ya aiko muku kwanan baya, yana cewa wasannin bidiyo sun mayar da yaranmu ragwaye, babu wani abin tsinta a cikinsu. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ni ma raina yana ɓaci in ga yaro ya dunƙule a zaure tun azahar har magariba, ido a kan waya, a aike shi gishiri ya kawo sukari. Inda muka raba hanya da shi shi ne maganin da ya bayar, wai a ƙwace wayar a fasa. A gidana an gwada wata dabara, ina so iyaye da malaman lakwal su ji ta.

Ɗan ƙanwata da nake riƙo, ɗan aji shida, ya kamu da son wani tsohon wasa mai suna Mega Man. Wasan ya girme shi nesa ba kusa ba. Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da shi a 1987 a kan na'urar Nintendo, kuma a can Japan Rockman suke ce masa. Ni kaina na buga shi ina saurayi, lokacin da wani yayanmu ya dawo daga bida a Abijan da irin na'urar a jakarsa. Jarumin wasan ɗan mutum-mutumi ne shuɗi, da hular kwano zagayayya, da manyan takalma, hannunsa ɗaya kuma yana rikiɗewa ya zama bindiga. Keiji Inafune, ɗaya daga cikin masu zanen wasan, ya sha faɗi cewa an zaɓi shuɗi ne don na'urar wancan zamani ta fi yawan launuka a ɓangaren shuɗi. Da bikin rufe lakwal ya matso, aka ce kowane aji ya fito da wasa, sai yaron ya same ni a garaji ya ce, "Kawu, ni Mega Man nake so in zama." Na ce to, amma da sharaɗi: ba zan sayi komai shiryayye ba, kuma duk abin da hannunsa zai iya, shi zai yi.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce ai kwali ya isa. Kwali yana yin mutum-mutumi mai kusurwa, irin akwati a kan akwati, amma jikin Mega Man ba kusurwa ko ɗaya, ko'ina a mulmule yake. Abu shimfiɗaɗɗe kuwa ba ya rufe abu mai ƙwallo sai an yayyanka shi ko an ja shi ya miƙe. Ka ɓare lemu ka ce za ka shimfiɗa ɓawon a kan tebur, dole ya tsage. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna da hanyoyinsu. Wasu na amfani da manhajar kwamfuta mai suna Pepakura, wadda ke warware siffa ta zama gutsattsarin takarda da za a yanka a liƙa, amma abin yana fitowa da fuska-fuska, sai an cike an goge. Wasu na gasa robar soso da ake kira EVA su lanƙwasa ta. Masu hali kuma na'ura ce ke ɗaba'a musu kayan gaba ɗaya. Yaron ya nuna mini duk wannan a waya, ya yi tagumi, don a ganinsa sai an yi sautu daga Yamai ko Kano.

Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, na ja shi layin masu ƙore. Kafin mu fita na sa ya auna kansa da igiyar awon tela: santimita 54. Na ce to faɗin nawa ke nan? Ya tsaya yana kallona, sai can ya tuna da 3,14 ɗin da malaminsu ke ta fama da su a kai, ya raba, ya samu 17 da ɗan ɗoriya. Kan mutum kuma ba ƙwallo ba ne, daga goshi zuwa ƙeya ya fi daga kunne zuwa kunne tsawo, ga kuma soson da za a shimfiɗa a ciki. Muka tsayar da cewa ƙwarya mai faɗin 23 ko 24 muke nema. Tsohuwar da ke sayarwa ta ga yaro yana kifa ƙore a kansa ɗaya bayan ɗaya, ta ce da ni, "Ɗana, lafiya dai yaron nan?" Na ce, "Lafiya lau, Inna, hula muke nema." Da ta ga hoton, ita da kanta ta tono mana mai zurfi, mai kauri, marar tabo, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa don mu ji ba ta da tsaga. Ita ce kuma ta kalli bindigar hannun ta ce, "Wannan ai zunguru ne." Matan yanzu da leda suke ƙunshi, yara da yawa ba su san cewa iyayenmu mata a cikin dogon duma suke zura hannu in sun sa lalle ba. Allah Ya riga Ya halicci abin da ramin da hannu zai shiga, aikinmu kawai mu yanke kansa.

Hular ce ta fi cin lokaci, kuma a nan nake so masu karatu su natsu. Ƙwarya ɗaya tana rufe tsakar kai ne kurum, hular Mega Man kuwa tana saukowa har ƙeya da kumatu, fuska kaɗai ke buɗe. Sai da muka yanko ta biyu muka ƙara daga ƙasa. Ƙwarya ba ta son gaggawa. In ka buga mata ƙusa za ta dare har gindi, in ka sa babban zarto bakin zai ɓantare. Da guntun zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora ake bin layin a hankali. Haɗa biyun kuwa na kai wa wani tsohon gyartai da ke zama a bakin kasuwa, wanda robobin zamani suka kusa raba shi da sana'arsa. Ya juya su, ya juya, ya ce da yaron, "Zo nan, jikana, riƙe mini." Ya huda da basilla, ya ɗinke, ɗinkin ya kwanta har da ƙyar farce ke jin sa. Yaron bai taɓa sanin ana ɗinke ƙwarya ba. Ya zauna a gaban tsohon har aka yi kiran la'asar, wayar tana aljihu.

Daga nan aiki ya dawo fagena. Cikin ƙwaryar mun kankare shi tas, mun wanke, don ƙurarsa tana da ɗaci kuma tana sa tari, sannan muka liƙa tsumma da farin kwal na kafintoci don ko ta faɗi kada ta tarwatse. A waje na bi ɗinkin da mastik. Mastik ɗin mota haɗi biyu ne, sai an ɗiga masa ɗan maganin da ke sa shi daskarewa, kuma a zafin Tawa kafin ka waiga ya ƙame, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, a shafa siriri. Gugar kuwa ta yaron ce: takarda mai yashi lamba 80 don rage tudu, sai 180, sai 320. Na koya masa abin da maigidana ya koya mini, cewa ido yana ruɗi, a rufe shi a bi wurin da tafin hannu. In an fesa fentin farko mai ruwan toka, duk ramin da ya ɓuya sai ya fito, a sake cikewa a sake gogewa. Ya yi ƙorafi, ya ce ai daga nesa ba mai gani. Na ce ni ina gani. Wanda ba shi da garaji kada ya damu, lallausan garin katako da farin kwal suna cike ɗinki, sai dai sun fi jinkirin bushewa. Kunnuwa biyun kawunan ludayi ne muka yanke muka shafa wa tsakiyarsu ja. Zungurun kuma ƴar tocila muka cusa a bakinsa, da maɓallin a inda babban yatsa zai kai.

Safar hannun hagu da takarda muka yi ta, a kan balan-balan dogo. Takardar buhun siminti, irin wanda ake kawowa daga Malbaza, ta fi ta jarida ƙarfi, da kokon rogo a matsayin kwal. A yaga ta da hannu, kada a sa almakashi, don yagaggen baki ne ke narkewa cikin ɗan'uwansa. A bar kowane shafi ya bushe kafin a ƙara wani, a kuma rataye ta inda ɓera ba ya kaiwa.

Takalman ne ƙwarya ba ta yi mana rana ba, tun da za su sha karo da tuntuɓe. Dole muka koma ga robar soso, irin wadda masu yin silifa ke yanka. Uwargidana, tela ce, ita ta fitar da mu. Ta naɗe wata babbar buta da leda, ta bi ta da sikoc, ta zana layuka, ta yanke, ta tsattsaga gefen har kowane yanki ya kwanta a ƙasa. Wannan ya zama ma'auni. Ta ce haka ake yi wa riga in ana so ta bi jiki, a cire ɗan yanki mai tsini a haɗe bakin. Robar in ta ji zafi tana laushi, sai a danna ta a bayan ƙwarya a riƙe har ta huce, ta ɗauki siffar ke nan. Kwal ɗin masu gyaran takalmi ake sawa a baki biyun, a jira ya daina kama yatsa, sannan a haɗa, kuma in ya kama ba gyara. Kafin fenti a shafe robar da farin kwal da aka sirka da ruwa, shafi a kan shafi, in ba haka ba ta shanye fentin. Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin kuwa a nisanta shi da fentin feshi da mastik, narkar da shi suke yi.

Gargaɗi ga iyaye, don ba na so a ce mai garaji ya jawo wa wani asara. Wuta, wuƙa, kwal mai wari da fentin feshi aikin babba ne, a fili, inda iska ke kaɗawa. Mai guga ya ɗaure hanci. Kayan su kwana biyu suna shan iska kafin yaro ya sa. Sannan zafinmu ba na Japan ba ne: mun huda ƙananan ramuka a ƙeyar hular, rigar cikin ta auduga ce, kuma yana gama wasan muka cire masa.

Ga masu cewa wannan kwaikwayon baƙi ne, ina tuna musu cewa shigar burtu ba baƙuwarmu ba ce. Da azumi ya kai goma yaranmu ke fita tashe da gemun auduga. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke yin shigar manya. Mu da muke yara, da karan dawa da gwangwani muka ƙera motoci, ba wanda ya ce mun bar al'ada don motar ba a Adar aka ƙirƙiro ta ba. Abin da ya sauya shi ne hoton da ke kan yaro. Kayan aikin da masu sanin suna nan a kasuwa, sai dai ba mai haɗa su da yaran. Alphadi, shahararren mai tsara tufafin nan ɗan Nijar, ya kai masu ɗinkin duniya cikin hamadar Agadas a 1998 don su ga abin da hannun ɗan Nijar ke yi. Mu kuma jikan gyartai bai san basilla ba.

Roƙona biyu ne. Daraktocin lakwal da masu kula da gidajen matasa su riƙa gayyato gyartai da baduku da tela da irinmu masu mastik, ko sau ɗaya a wata, a bar yara su zo da hoton abin da suke so, ko na wasan bidiyo ne, a biya tsofaffin nan ɗan abin goro. Ke kuma jarida, ki ware ko rabin shafi na aikin hannu da Hausa, da hoto da awo, don duk abin da yaron ya samu a intanet da Faransanci ko Ingilishi yake, kuma da kayan da ba namu ba.

Yanzu ƙanwarsa ta tayar da rigima ita ma sai an yi mata Roll, ƴar'uwar Mega Man, yaran maƙwabta uku kuma sun riga sun auna kawunansu. Robar da nake samu a nan siririya ce, takalman suna lanƙwashewa a dunduniya. In akwai mai karatu a Yamai da ya san layin da ake sayar da mai kaurin santimita ɗaya a kasuwar Katako, don Allah ya sanar ta wannan shafi.

Naku,
Mai gyaran jikin mota,
Tawa.