Wasiƙa daga Jidda: Hujjar da Ke Lalacewa Kafin 'Yan Sanda Su Iso

Aminina Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gida, ya iyali, ya jama'ar Gadarif baki ɗaya? Kullum kuna cikin addu'armu, Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.

Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar ɗanmu a kan shirye-shiryen binciken laifi da yake kallo a talabijin, inda ake kama mai kisa da silin gashi ko ɗigon jini. Ka ce masa yawancin abin gaskiya ne. Sai dai kyamara ta fi son ɗakin gwaji da na'urorinsa, alhali shari'a tana gyaruwa ko ta ɓaci ne a sa'ar farko, a wurin da abin ya faru.

Tushen ilimin magana ɗaya ce, wadda ake jingina wa Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910: duk wanda ya shiga wuri sai ya bar wani abu, ya kuma ɗauki wani abu. To wannan ƙa'ida ba ta san mai laifi da mai jaje ba. Maƙwabcin da ya fara shiga ya rufe gawa da zaninsa, dattijon da ya ɗaga wuƙa ya jingine ta gefe don kada yara su taka, baiwar Allah da ta kawo bokiti ta wanke jinin tsakar gida don tausayin uwar mamaci, duk da niyyar alheri suka yi, amma kowannensu ya zuba nasa sawun a kan na mai laifi. Wannan ɗabi'a tamu ta rufa wa mamaci asiri abar yabo ce, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a wannan fage. Idan mutum na da sauran numfashi, ceton rai ke gaba da komai. Idan rai ya yi halinsa, a ja ƙofa, a tsayar da mutum ɗaya a bakinta, a riƙe sunan duk wanda ya riga ya shiga, a kira hukuma. Mu nan yankin Makka 911 ake bugawa.

Jami'an da Larabawa ke kira adilla jina'iyya ba sa taɓa komai sai sun ɗauki hoto sau uku: na ɗakin gaba ɗaya, na tsaka-tsaki da ke nuna inda abu yake kusa da wani, sai na kusa da ma'auni a gefensa. Suna sa takunkumi, domin magana kaɗai tana fesa yawu, kuma suna sauya safar hannu tsakanin abu da abu. Jallabiya mai jini a jiƙe ba a cusa ta a leda. Shanya ta ake yi a inuwa ta bushe, a sa a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi, rigar ta yi fumfuna, ƙwayoyin cuta su cinye DNA ɗin, wato ƙwayar halittar gado da ake tantance mutum da ita, cikin 'yan kwanaki. Tarkacen gobara kuwa akasin haka ne: gwangwani mai murfi ake sa shi a toshe, don kada ƙamshin fetur ya tsere. Busasshen jini a bango, ana ɗiga ruwa mai tsabta a tsinken auduga a goga, a bi da busasshen tsinke, a bar su su sha iska kafin a rufe. Waya ana yanke ta daga sadarwa nan take, kada wani ya goge ta daga nesa. Kowace jaka ana like ta, a rubuta wanda ya ɗauka da lokaci, duk wanda ya karɓa ya sa hannu. In aka sami giɓi a wannan silsila, lauya zai rusa hujjar a kotu ko da gaskiya ce.

Ga inda shirye-shiryen Turai za su iya ruɗar yaron. Likitansu yakan ce gawa tana huce kusan digiri 1 a kowace sa'a daga 37 na mai rai, sai ya lissafa lokacin mutuwa. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne. A Jidda ko Gadarif, ranar da zafi ya haura 40, ina gawa za ta huce? Ƙara ɗumi ma take yi. Sandarewar jiki, wadda ke farawa daga muƙamuƙi da wuya bayan sa'a 2 zuwa 6, ta game jiki wajen sa'a 12, ta saki bayan kwana ɗaya ko biyu, a zafinmu duk gaggawa take yi. Shi ya sa likitan kirki ke auna zafin ɗakin tare da na gawar. Yana kuma duba inda jini ya kwanta a ƙasan jiki: bayan kamar sa'a 8 zuwa 12 tabon ba ya ƙara motsi, don haka in aka tarar da mutum rub da ciki amma tabon na gadon bayansa, an juya shi bayan ya mutu. In kwanaki sun shuɗe, sai a koma ga koren ƙudan nan mai sheƙi, a auna girman tsutsarsa a san yaushe ya yi ƙwai.

Zanen yatsa, basmar da ake ɗaukar mana a jawazat, wato ofishin fasfo, tun 1892 aka fara kama mai kisa da ita a Ajantina. Gilashi da finjali hoda ake barbaɗa musu, leda a turara ta da hayaƙin gam mai ƙarfi, takarda a fesa mata sinadarin ninhaidirin zanen ya fito da launin shunayya.

DNA kuwa Alec Jeffreys ne ya gano hanyar tantance mutum da ita a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. Ina so ɗanmu ya riƙe wannan da kyau: aikinta na farko a shari'ar kisa wanke mutum ta yi. An kashe 'yan mata biyu a 1983 da 1986, wani saurayi ɗan shekara 17 ya amsa laifin ɗaya a hannun 'yan sanda, gwaji ya nuna ba shi ba ne. Aka ɗebi jinin maza kusan 5,000, shi kuwa ainihin mai kisan, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya bayar a madadinsa. Ba na'ura ta tona shi ba, abokin ne ya yi suɓul da baka a cikin hira, wata mata ta ji ta kai rahoto. An yanke wa Pitchfork hukunci a 1988.

Kuma hujjar tana kuskure. 'Yan sandan Jamus da Ostiriya da Faransa sun shafe shekaru suna farautar wata mace da DNA ɗinta ke fitowa a wuraren laifi kusan 40, sai a 2009 aka gane ma'aikaciya ce a masana'antar tsinken audugar da suke amfani da shi. An kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin tsinken, amma hakan ba ya goge DNA. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, hukumar FBI ta ce zanen yatsan da ke jikin wata jaka na wani lauya ne Musulmi a Amurka, ya yi mako biyu a tsare, kafin 'yan sandan Sifen su nuna na wani ɗan Aljeriya ne. DNA tana cewa wane ya taɓa abu, ba ta cewa yaushe ko don me. Na san za ka tambayi matsayin shari'a: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta dogaro da basma wirasiyya, wato DNA, wajen bincike da tabbatar da laifukan da babu haddi ko ƙisasi a cikinsu. A ganina wannan taka-tsantsan ya dace.

In da gaske yaron yake son wannan fanni, ya riƙe kimiyyar sinadarai da ta halittu da lissafi, ya gyara Turancinsa. A Riyad akwai Jami'ar Nayif ta ilimin tsaro, suna koyar da wannan fanni. Ka aiko mini da sakamakon jarrabawarsa in gani, sai mu san ta inda za a fara.

Ka gaida Hajiya da yara, ka miƙa gaisuwata ga liman da dattawan unguwa.

Wassalam,
Amininka na Jidda